Ragar Laftanar Ashcombe

Mako uku ke nan jirgin ruwansu na yaƙi yana zuwa na ƙarshe a atisayen raga, mako uku kuma ba wanda ya taka garin Portland. Kyaftin ya rantse babu hutun Asabar sai sun ci sauran jiragen. Ƙarti ɗari bakwai suna hangen hayaƙin gari daga kan ruwa, kowa ya cika fam.

Ragar ta zobban ƙarfe ce, ana rataye ta a dogayen sanduna kewaye da jirgi don ta tare tofido, nakiyar nan mai iyo a ƙarƙashin ruwa. Ba yaƙi ake ba. Abin da ya dami manya agogo ne kawai: wa ya riga shimfiɗawa, wa ya riga naɗewa.

Jethro Penhale masunci ne kafin ya shiga sojan ruwa. Saura wata biyu a sallame shi ya koma ƙauyensu ya kama saƙar koma. Ba shi da gona, ba shi da ɗa, da yatsun nan goma zai ci abinci har ya mutu, ya kuma san haka sarai.

Ran Juma'a da hantsi tutar umarni ta hau. Shimfiɗa ta tafi daidai. Wajen naɗewa ne zobba suka sarƙe a gaban Jethro. Doka ta ce a sa ƙugiya, ga ta ma a gefensa. Amma sabo turken wawa. Mutumin da ya tashi yana warware koma tun yana yaro, hannunsa ya riga hankalinsa, ya cusa shi kamar zare zai taɓa.

Injin naɗe ragar ya ja, zobban suka rufe a kan yatsunsa.

Kowa ya ji ihun Jethro. Silas Trewin, ɗan garinsu, shi ne a kan injin. Ya sassauta, ya dubi Laftanar Ashcombe. Laftanar bai ko ɗaga ido daga agogonsa ba.

"Wa ya ce ka tsaya?"

"Yallaɓai, hannun tsoho ne."

"Na ji. Ja."

Silas ya ja, ragar ta naɗe tsaf a mazauninta. Da daƙiƙa biyar jirgin maƙwabta ya ci su, daidai tsawon sassautawar Silas.

Likita ya daidaita abin da ya rage da almakashi, ya ce a gode Allah da babban yatsa ya tsira. Jethro ya kwana biyu a ɗakin jinya yana sauraren ƙafa, ba wanda ya leƙo. Ta bango yake jin abokan cin tuwonsa suna tsine wa tsohon banza da ya ci musu Asabar. Wannan ya fi masa ciwo, ya yi kuka ba kunya.

Ran Lahadi Silas ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ce shi ma tun ranar ba mai yi masa magana. Jethro ya yi zaton haƙuri zai ba shi, har ya shirya yafewa.

"Da ka daure ka yi shiru, tsoho, da mun ci."

Jethro ya dubi rufi. Can ya tambaya ko an ciro yatsun nasa daga ragar, yana so a binne masa a ƙasa.

"Suna ciki, duka huɗun," in ji Silas. "Laftanar ya ce ba a buɗe raga sai atisayen Juma'a. In an shimfiɗa ruwa zai wanke."