Kada Ango Ya Taɓa Biro

Mutumin da unguwa ke kira Alƙalami sana'arsa rubuta allunan shaguna, kuma ba a taɓa ganin sa hannu mai kyan nasa ba. Yakan fara da wata lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, ya jero haruffa, ya ƙare da jela wadda ke juyowa ta ja wa kanta layi. Abu mai kyau haka ba ya son zaman aljihu. Saboda haka duk mai neman rancen banki da ya rasa wanda zai tsaya masa, wurin Alƙalami yake zuwa. Ya tsaya wa mai gyaran babur, ya tsaya wa tela, ya tsaya wa wani bawan Allah da suka haɗu a layin biyan kuɗin wuta. Cikin mutum tara, biyu ne suka biya, su ma ana kyautata zaton mantuwa suka yi.

Ya auri ma'aikaciyar jinya mai yi wa yara allurar rigakafi, wadda kowa ke kira Sista. Tun kafin aure ya zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ga ciwon da ya fi wannan kuma mai shi ya tashi.

Wata huɗu da auren suka ga gida: ɗaki biyu da falo, da bishiyar lemo a tsakar gida, da ƙofar kicin wadda ba ta rufuwa sai an tallafa mata da gwiwa. Alƙalami ya auna bangon gaba da taku har sau uku. Sista ta kunna famfo ta kashe, ta kunna ta kashe, tana ƙyalƙyala dariya. Mai gidan ya ce zai jira su zuwa ƙarfe biyu na ranar Alhamis, domin akwai wani da kuɗinsa a hannu.

A banki, ma'aikacin rance ya sa sunan Sista a kwamfuta, ya yi murmushi. Ya sa na angonta, murmushin ya tafi hutu.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ne!" in ji shi. "Sa hannunka muke nuna wa sababbin ma'aikata."

"Don kyau?" in ji Alƙalami, yana gyara zama.

"Har da kyan."

Ma'aikacin ya yi bayani dalla-dalla. Za a ba da rancen, amma da sunan Sista ita kaɗai, yayanta malamin lissafi ya tsaya mata. A shafi na huɗu akwai layin abokin neman rance, kuma tilas layin nan ya zauna fayau. Idan hannun ango ya sauka a kansa, sai takardar ta tafi babban ofis, ta yi mako shida tana shan iska, ta dawo da amsar da kowa ya sani. Takardar kuma mai lamba ce, sabuwa ba ta fitowa sai bayan mako guda.

Kwana uku ma'auratan suka yi ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Sun raba ɗakunan, sun yi faɗa a kan launin labule, sun shirya, sun raɗa wa 'ya'yan da ba a haifa ba suna, sun ba kowanne reshensa a bishiyar lemo. Duk biron da ke gidan hayarsu kuwa Sista ta tattara ta kulle a akwati.

Ranar Alhamis ta ɗora wa mijinta filas ɗin shayi a hannun dama, da laima a hannun hagu, alhali ko gajimare babu.

"Maigida, aikinka ke nan yau. Kada ka ajiye ko ɗaya."

"Haba Amarya, sai ka ce yaro?"

"Yaro ai yana jin magana," in ji Yaya, malamin lissafin nan, wanda ya yi shekara ashirin yana koyarwa ba a ga haƙorinsa ba.

Ƙarfe ɗaya saura kwata, suna banki, aka kira Sista da Yaya ɗaki na gaba domin ɗaukar hoto da zanen yatsa. Ma'aikacin ya bi su. Aka bar Alƙalami da filas, da laima, da takarda a kan tebur buɗe a shafi na huɗu, da biron banki ɗaure da sarƙa, wanda bisa ga dukkan alamu shi ma an san halinsa.

Ya kalli silin. Ya ƙirga fankoki, ya samu ɗaya. Ya karanta kalanda har watan da ba a shiga ba. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana cike farin allo, ganin layi fayau a gabansa kamar ganin ƙofa a buɗe ne ga akuya. Ga kuma rubutun Sista a sama, irin na asibiti, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ya matse laimar a hammata. Ya ajiye filas a hankali, don kada ya yi ƙara ya tona shi.

Masu shigowa sun tarar da jelar tana kammala juyowarta.

Ma'aikacin ya dafe kai. Yaya ya duba agogo, ya sanar cewa saura minti sittin da uku, domin ko a cikin musiba ba ya son ƙiyasi.

"Amarya," in ji Alƙalami, "shafi tara na duba. Gidanmu ne, ban ga sunana ko sau ɗaya ba."

Sista ta dube shi, ta bar shi ya yi zufa gwargwadon abin da likita zai amince da shi. Sannan ta zaro wata takarda daga fayil ɗin katunan rigakafi da ke hammatarta, ta shimfiɗa a tebur. Ma'aikacin ya shafa hatimin wannan, ya shafa na waccan, ya fashe da dariya har ya buge kwamfuta.

"Hoto ne! Ranka ya daɗe, hoton takarda ka sa wa hannu!"

"Shekara goma sha ɗaya ina yi wa yara allura," in ji Sista. "Ba a ce wa yaro kada ya motsa. Abin wasa ake ba shi a wannan hannu, a soka a wancan."

"To filas da laimar fa?"

"Don ka ji daɗin cewa ka yi dabara."

Yaya ya yi wani sauti wanda shaidu suka tabbatar dariya ce, ko da yake shi ya musanta. Aka sa hannu inda ya kamata, aka bar layin shafi na huɗu da farinsa, aka buga wa mai gidan waya ƙarfe biyu saura minti ashirin.

Shafin da Alƙalami ya ƙawata an sa shi a gilashi, yana rataye a falo sama da talabijin, kuma shi ne sa hannunsa na farko da bai jawo wa kowa wasiƙar banki ba. Bangon gaba kuma aka sakar masa. Ya rubuta lambar gidan da shuɗin fenti, tsayinta ya kai na yaro ɗan shekara biyar, ya sa hannu a ƙasa da jela mai hawa biyu.

Fentin bai bushe ba sabon maƙwabci ya tsaya yana yabawa.

"Kai, maƙwabci, wannan hannu naka! Wallahi kamar ka san ina neman wanda zai ɗan tsaya mini a banki…"

Alƙalami ya fara shafa aljihu. Daga kicin aka ji an tallafa wa ƙofa da gwiwa, sai ga Sista ta fito da filas da laima.