Layin da Inna Ta Bari

Inna ba ta taɓa tsanar abu marar rai ba kamar yadda ta tsani littafin nan mai baƙin bango. Na Auta ne, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta ɗauko ta ta ajiye a gidanta tun da gwiwa ta fara ba ta wahala. Auta tana aiki a kantin magani, ga yara, ga miji, ga kai kamar rariya. Don haka komai sai ta rubuta. Kowace rana da shafinta, kowane aiki da layinsa, da ɗan akwati a gefe. In an gama, ta soka wa akwatin alama. In ba a samu yi ba, ta ja masa kibiya, ta kwashe shi zuwa gaba.

Inna ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma kibiyar nan ta san ta kamar yunwar cikinta.

Yayar Inna ce kwance a can ƙarshen gari, ɓarin jikinta ya shanye. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'ya'yan uwarsu. Inna ba ta iya hawa mota ita kaɗai, sai an kai ta.

"Ga ki nan, Inna, na rubuta," Auta ta ce, tana nuna mata layin ƙarshe. "Zuwa gidan Yaya."

Da yamma ta yi, kibiya. Wani mako ya zo, wata kibiyar. Tsintsiya ta samu alama, mai gyaran fanka ya samu, har takalmin makaranta ya samu. Yaya dai sai tafiya take daga shafi zuwa shafi, ita da ko juyawa ba ta iya yi a kan gado.

Da abin ya ishe ta, Inna ta ajiye kunyar surukuta ta kai ƙara gun mijin Auta. Shi kuwa ya yi dariya, ya nuna wuyan rigarsa.

"Inna, maɓallin nan ya riga ki shiga layi."

"Maɓalli yana mutuwa ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya lallaɓa ya fice.

Ranar Asabar da safe Auta ta shiga wanka, ta bar littafin buɗe a kan tebur, biro a tsakiya. Inna ta jawo kujera. Ta damƙi biron kamar mai riƙe wuƙa, ta bi akwatunan daga sama tana soka musu alama, wata a karkace, wata har ta huda takarda. Da ta iso layin ƙarshe, mai tsohuwar kibiya a gindinsa, ta ɗaga hannu. Ta je ta ɗaura zanenta na fita, ta dawo ta zauna da jaka a cinya.

"Inna! Wa ya taɓa mini littafi?"

"Aljanu."

"Ba a sayo gas ba, ga wanki, ga askin yara…"

"An yi. Ga alama nan. Ba ke kika ce abin da ya samu alama ya wuce ba? Saura ɗaya. Sa takalminki."

"Haba Inna, wannan ai ba wasa ba ne."

"Ni na ce miki wasa nake? Matar nan da kike ja wa kibiya, ita ta goya ki shekarar da na kwanta ciwo. Takarda ta duba? Kuka kika yi, ta ɗauke ki. Yau tsintsiya ta fi ta daraja a gidan nan."

Auta ta zauna a bakin kujera, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ta daɗe tana kallon shafin.

"Wallahi ba raini ba ne," ta ce a hankali. "In ban rubuta ba, kaina ba ya riƙewa. Ina sa ta a ƙarshe ne don mu je a natse, ba a tsaitsaye ba."

"To natsuwar ta zo?"

Auta ta sunkuya ta jawo takalminta. Sai a lokacin Inna ta lura da yadda idanun yarinyar suka faɗa, da ƙashin wuyanta a waje. Zuciyarta ta ɗan karye, amma ba ta saki jakar ba.

Da suka isa, suka tarar da Yaya an jingina ta da filo, ta rame, bakinta ya karkace. Ta ƙura wa Inna ido, sannan da ƙyar harshen ya juya.

"Sai yau, marar kunya?"

"Ke dai kin samu wuri, kin miƙe ƙafa ana yi miki hidima."

Hannunta mai lafiyar ya lalubo zanen Inna ya damƙe. Bai sake shi ba har rana ta karkata.

A motar komawa Auta ta zaro littafin, ta cire murfin biro za ta soka alama. Inna ta kama mata hannu.

"Kar ki kuskura. Abin da kika yi wa alama, kin gama da shi ke nan. Bar shi buɗe. Ki ɗauke shi ki kai shi saman shafin Asabar mai zuwa, gaban gas."

"Maɓallin maigida fa?"

"Ba ni allura in mun isa."