Mangwaron Majalisa

Bayan da aka soke aikin tilas a ƙasashen Faransa cikin 1946, abubuwa da dama da Nasara suka kafa da ƙarfin talakawa sun zama marayu. Ɗaya daga cikinsu wata garka ce, wato lambu, a kwarin Dallol Mawri, kusa da Kore Mairuwa, wadda ake kira Garkar Kumandan. Da can mutanen ƙauyuka ne ke zuwa bi da bi suna ban ruwa, ana kai wa Turawan Dogon Dutsi salati da tumatir bisa jakuna. Da aka ce babu sauran tilas, ba wanda ya sake taɓa gugar. Darni ya faɗi, bakin rijiya ya zube, awaki suka gaje wurin. Can wajen ƙarshen mulkin Nasara, da aka kafa majalisar yankin wadda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira konsai, sai aka haɗa garkar cikin kayan da aka danƙa mata, tare da rumfunan kasuwa da masaukin baƙi.

Jibo ya san garkar sarai, domin ya ja guga a cikinta yana saurayi, ba da son ransa ba. Daga baya ya yi ta zuwa cin rani Gaya, inda wani mai lambu ya koya masa yadda ake yi wa mangwaro aure, wato a haɗa reshen mai zaƙi da gindin mai ƙarfi. A dawowarsa ta ƙarshe bai zo da keke ko turame ba kamar sauran 'yan cin rani. Dashen mangwaro ya zo da shi, ya zuba cikin tukwanen matarsa Lantana da tsofaffin garewani, ya jera a bayan ɗaki. Gonarsa ta gado tana kan tudu, rairayi ne zalla, ruwa kuma da nisa. Wuri guda ya sani inda dashen zai rayu, shi ne garkar nan. Burinsa kuwa ya bar wa 'ya'yansa itatuwan da za su ci bayan ransa.

Ya tafi biro, wato ofishin hukuma, a Dogon Dutsi ya sami Ɗanmalam, sakataren majalisa, ya ce yana son garkar. Ɗanmalam ya yi masa bayanin ƙa'ida a natse. Majalisa ba ta da ikon sayar da ko taki ɗaya na ƙasar da ke hannunta sai da izinin Gwamna a Yamai. Haya tana iya bayarwa, amma kada ta wuce shekara tara, kuma sai an zauna an yarda. Jibo ya ce hayar ma ta ishe shi, ya koma gida yana jiran zama.

Damina ta faɗi, ta yi nisa, zama bai zo ba. Saiwoyi suka cika tukwane har wata ta tsage, ganyen wasu ya soma rawaya. Lantana ta gaji da kai wa tukwane ruwa alhali ba ta da ta dafa wake.

"Maigida, waɗannan baƙi naka yaushe za su tashi?" in ji ta. "Ni dai ka fitar mini da su su shiga ƙasa, ko ta wane ne. In damina ta wuce suna nan, gawarsu za ka dasa."

Jibo ya san gaskiya ta faɗa.

Ranar zama ya yi sammako. An taru a babbar rumfar biro, Kumandan a kan kujera, wani matashin Bafaranshe da bai daɗe da zuwa ba, tafinta tsaye a gefensa, 'yan majalisa a kan tabarmi da buzaye. Aka kira Jibo, ya durƙusa ya gaida su, ya faɗi buƙatarsa. Kumandan ya ji daɗi ƙwarai da jin sunan mangwaro, ya ce wannan ai ba abin jayayya ba ne. Har Ɗanmalam ya ɗauki alƙalami, sai tsoho Mani ya yi gyaran murya. Mani dattijo ne daga gidan waɗanda suka fara saran daji a kwarin, kuma ba a yanke maganar ƙasa a bayansa.

Ya ce, "Kumandan, a ƙasar nan in ka ara wa mutum gona, yana shuka hatsi, yana shuka wake da gujiya. Icce ne ba ya dasawa. Ranar da ya dasa, kai kuma ka yi shiru, gona ta fita hannunka. In jikokinmu suka yi gardama ba biro za su zo ba. Gindin iccen za su, su tambayi tsofaffi wane ne ya dasa."

Kumandan ya ce ai za a rubuta cewa haya ce. Mani ya ce rubutun zai zauna a Dogon Dutsi, iccen kuma yana can inda mutane ke ganinsa kullum. Ɗanmalam ya ajiye alƙalami, ya yi wa Kumandan magana da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa: in a idon jama'a dasawar ta zama mallaka, to majalisa ta sayar ke nan da abin da ba ta da ikon sayarwa. Fuskar Kumandan ta sauya, domin ba ya son Yamai ta ji sunansa a irin wannan. Ya ce a nemi izinin Gwamna. Kowa a rumfar ya san amsa ba za ta iso ba sai an girbe hatsi an cinye. Wani ya kawo shawarar majalisa ta sayi dashen ya zama nata, Ɗanmalam ya girgiza kai. Sabon aiki irin wannan sai an sa shi cikin kasafin shekara mai zuwa, shi ma sai Yamai ta sa hannu.

Ardo Isa, wakilin Filani makiyaya, ya dubi Jibo yana murmushi. Tsakanin Arawa, wato mutanen su Jibo, da Filani akwai wasan taubasantaka, ba a jin haushi.

"Kai Ba'are, bawana, abin ai mai sauƙi ne," in ji Ardo. "Bar su a tukwane, ka ɗora wa jaki, ka riƙa bin ruwa da su kamar yadda muke yi da shanu. In ka iso Sukukutane na ba ka masauki."

"Ardo, ku da ba ku taɓa kafa komai a ƙasa ba sai turken maraƙi, mi ka sani game da icce?" in ji Jibo. Aka yi dariya, amma shi dariyar ba ta kai cikinsa ba. Ya juya ga dattawan. "Iyayena, in hannuna ne laifi, to ku dasa su da naku hannun."

Aka sake dariya, ban da Mani. Ya dubi Jibo.

"Ɗana, ka ji abin da bakinka ya faɗa? In mu muka dasa, icce na majalisa ne, ƙasa tana nan ta majalisa. Kai sai ban ruwa da cin 'ya'ya muddin hayarka. Ɗiyanka ba su gadon ko reshe."

Jibo ya sunkuyar da kai. Abin da ya ɗauko tun daga Gaya ke nan ake ce masa ya ajiye. Ya tuna tukunyar da ta tsage da ganyen da ya yi rawaya, ya ga cewa 'ya'yansa ba za su gaji busasshen dashe ba ko da ya riƙe. Ya ɗaga kai ya ce ya ba majalisa dashen kyauta. Abu guda ya roƙa: in wa'adi ya cika, a fara tambayar wanda ya raini itatuwan, shi ko ɗansa, kafin a tambayi wani. Ɗanmalam ya ce ƙa'ida ba ta hana karɓar kyauta ba, ba ta kuma hana sabunta haya ba. Ardo ya ce shi ma da nasa sharaɗin, a bar burtalin shanu zuwa tabki yadda yake, darnin ƙaya kuma wuyan Jibo. Aka yarda.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, mutanen Kore Mairuwa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Dattawan majalisa sun naɗe manyan riguna a kafaɗa, suna durƙushe cikin laka, ga jama'a tsaye a bakin burtali don su zama shaida. Jibo ya gina ramuka ya fasa tukwane, amma bai sa ko dashe ɗaya a rami ba. Yana tsaye hannuwa a baya, yana ba da umarni ga mutanen da bai taɓa yi wa magana a tsaye ba.

Kumandan ya ji abin ya ba shi sha'awa, ya cire hula ya miƙa hannu zai ɗauki dashe. Mani ya riga shi, cikin ladabi.

"Kumandan, ka huta. Wannan aikin ya fi ƙarfin baƙo."

Tafinta ya ɗan yi jinkiri kafin ya fassara. Kumandan ya gane cewa in ya dasa za a ce nasa ne, ya yi dariya ya mayar da hularsa.

Na Ardo Isa ne ya karkace. Jibo ya ce ya tone ya sake, Ardo ya ƙi, ya ce iccen Bafillace dole ya leƙa ya ga shanu. Amma kafin damina ta ƙare yaransa sun kwana da garke a gefen garkar sun bar taki, ba tare da an roƙa ba. Lantana ta zo ta tsince tukwanen da ba a fasa ba, ta ce sauran tana bin majalisa bashinsu.

Dashe kaɗan ya mutu a ranin farko, saura suka kama. Mutane suka riƙa kiran kowane icce da sunan wanda ya dasa shi, na Mani, na Ardo, na wane da wane. Shekarar da suka fara 'ya'ya Kumandan ya riga ya koma ƙasarsu. Jibo ya cika kwando daga karkataccen iccen, ya aza a ka, ya bi burtali zuwa rugar Ardo.