Koren Ƙwan Damari

A shekarun da kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa, an kawo wa wani ofishin aikin gona a Ƙanƙara allon gilashi daga Turai. Da can taswirar takarda ce a bango, ana soka mata allurai. Sabon kuwa kowane gari da ƙwan fitilarsa: ja idan takin zamani bai isa ba, kore idan ya isa. Manya suka ce ƙarya ta ƙare, sai ka ce ba hannun mutum ke kunna shi ba. Hannun kuwa na Zailani ne, akawun ɗakin.

Ranar da baƙi za su zo daga Kaduna, ko'ina kore ne ban da Damari. Motar takinsu ta kafe a laka a hanyar Sabuwa, aka juyo da ita. Zailani ya dubi jan ƙwan nan kamar ɗigon manja a farar riga. Ya mayar da shi kore, wai gobe zai gyara. Baƙi suka yaba, suka ce ragowar takin a kai Faskari. Daga nan gyara ya zama tona kai, sai ya yi gum.

Bayan mako uku sai ga Baba Almu, ƙanin mahaifin Zailani, ya biyo motar kasuwa daga Damari, don masara ta fara ɗorawar ganye saboda rashin taki. Manajan ofishin da kansa ya shigo da shi ya ga allo.

"Ga garinku nan, Baba. Kore. An kai muku taki."

"Ikon Allah! To sai mu taho girbi nan, tunda a gilashi anka zuba shi. Wa ke kunna abin?"

Manaja ya nuna Zailani.

Tsohon ya dubi ɗan wansa, ya daɗe. Sannan ya gyara hula.

"Ƙila hwa mu ne ba mu duba da kyau ba, ranka ya daɗe."

Da ma zagin Zailani ya yi, da ya fi masa sauƙi. Zailani ya miƙa hannu, ya danna, ƙwan ya koma ja.

"Ba a kai ba, yallaɓai. Ni na canza shi."

Manaja ya aika a duba sito. Ko buhu ɗaya bai rage ba, duk an kai Faskari.

Zailani ya raka baffansa tasha, yana biye da shi a baya, ya kasa jerawa da shi.