Garma a Ciyawar Irma

"Ba ta nan ake zura ƙarfen ba, Verna! Ta ɗaya ramin. Wai shekara nawa kika yi kina auren manomi?"

"Manomin ya mutu, kai ma kana hanya. Ɗaga gilashin nan kafin iska ta ƙarasa ka."

Orlin Bauman bai ɗaga ba. Yana zaune cikin tsohuwar akori-kurarsa a bakin gona, an lulluɓe shi da bargo, siririn tiyo a hancinsa, tukunyar iskar asibiti a kujerar gefe an ɗaure ta da bel kamar fasinja. Verna Ketterling, maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, tana durƙushe a bayan tarakta tana kokawa da garmar da ta fi shekara goma rabonta da ƙasa. Ita ma ba yarinya ba ce, gwiwoyinta suna gaya mata hakan. A gabansu tudu ne shimfiɗe da ciyawa har iya ganin ido, ta bara ta yi ruwan zuma, sabuwa tana tsirowa kore ta ƙarƙashinta. Ita suka zo kashewa.

Tudun nan dama bai taɓa yin alkama ta kirki ba. Yashi ne, duk bazara iskar jihar Dakota ta kwashe shi ta juye a tsakar gidan Verna. Gwamnati kuwa tana da tsari: ka daina noman irin wannan wuri, ka shuka ciyawar daji, duk kaka a biya ka. Sharaɗin ɗaya ne, garma ba za ta taɓa wurin ba sai wa'adi ya cika. Wanda ya karya, a mayar da duk abin da aka karɓa, da tara a kai. Irma, matar Orlin, ita ta tsaya kai da fata sai da ya shiga tsarin. Ita ta zaɓi irin, Verna ta tuƙa mata injin shuka. Daga baya Irma ta rasu, ciyawar ta zauna, mutanen yankin har yau ciyawar Irma suke ce mata.

Ba su haihu ba. Don haka da ciwon huhu ya kwantar da Orlin bara, ɗan ƙaninsa Daryl ne ya riƙa kai shi asibiti. Mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai riƙe maka ƙofa yana laluben aljihunka. Ya ce, "Baffa, bar min wahalar takardun nan, kai dai ka huta." Orlin ya sa hannu duk inda aka nuna masa. Kaka ta zo kuɗin ciyawa bai shigo ba, Daryl ya ce ai ka san ofis da jan ƙafa. Sai tsakiyar hunturu takardar haraji ta iso, tana cewa an biya Orlin Bauman kuɗinsa cif.

Verna ce ta kai shi gari wurin matar da ke cika masa takardun haraji.

"Ko sisi ban gani ba," in ji Orlin.

"Na yarda da kai, wallahi," matar ta ce. "Amma takarda ta ce ka gani. Ko dai ofishin gona su gyara ta, ko ka biya tukuna, daga baya ka nemi a mayar maka."

"Daga bayan yaushe ne?"

"To, wata shida. Wani lokacin shekara."

Orlin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, don likita ya riga ya gaya masa ba zai ga girbi ba.

A ofishin gona aka ce kuɗi ya fita tun kaka, ya shiga asusun da ke rubuce, kuma akwai sunan mutum na biyu a yarjejeniyar. Ba sai an faɗi sunan ba. Kowa ya ga jar motar da Daryl ya fara ajiyewa a ƙofar coci tun kafin Kirsimeti, doguwa, tana ƙyalli, ta cinye wurin mota biyu. Aka ce gyaran takardar sai an yi bincike, binciken kuma sai an jira layi.

Verna ta ce kada ya biya. Orlin ya ce babu Bauman ɗin da aka taɓa binnewa da bashin hukuma a kansa, ba kuma za a fara da shi ba. Ya sayar da sauran shanunsa, har da tsohuwar jar saniyar da Irma ta shayar da kwalba a bayan murhu tun tana maraƙa. Ranar da motar kasuwa ta zo kwasarsu bai fito ba. Verna ce ta kora su ta rufe ƙyauren, saniyar tana leƙo ta ta tsakanin ƙarafa.

Duk da haka da Daryl ya zo ya sunkuyar da kai, da wataƙila an bar ciyawa ta huta. Amma ya zo ne da tabarau a goshi. Verna tana tsaye a kicin tana ɗumama miyar kazar da ta kawo, ta ji shi da kunnenta.

"Haba Baffa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Gonar nan gobe tawa ce. Aro na yi daga gadona."

Sai da jar motar ta fita daga harabar sannan Orlin ya ture kwanon miyar.

"Verna, garmar Walt tana nan?"

Walt marigayin mijinta ne. Ta ajiye cokali ta zuba masa ido.

"Kin ji abin da suka ce a ofis," Orlin ya ce. "In garma ta shiga, wanda ya karɓa shi zai mayar. Gyara takardata sai shekara. Amma ranar da gwamnati za ta karɓi nata, ki zuba ido ki ga yadda za ta gane asusun da kuɗin ya shiga kafin kofi ya huce."

"Ciyawar Irma ce, Orlin."

"Da Irma na nan da ta riga ki hawa taraktar."

"Kai za ka tafi ka huta. Ni ce yashi zai cika wa shanya, ni ce zan zauna da Daryl a tsallaken titi har tawa ta zo."

"Na sani. Shi ya sa nake roƙo, da ba haka ba umarni zan ba ki."

Ta kwana biyu tana cewa a'a. Amma duk lokacin da ta wuce garken da babu komai a ciki, sai maganar nan ta aro daga gado ta taso mata har wuya. Ba tausayin Orlin ne ya sa ta yarda ba, gaskiya. Haushi ne, nata na kanta, kuma ta ji daɗinsa.

Yanzu ga shi ƙarfen ya shiga raminsa. Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta je tagar motar.

"Sharaɗina ɗaya. Duk lokacin da zuciyarka ta yi sanyi, danna hon in tsaya. Ba sai an cinye tudun duka ba, layi kaɗan ma ya isa karya yarjejeniya."

"Sau biyu, gajeru," in ji shi.

Ba sai ya faɗa ba. Tun tana amarya, duk safiyar da Orlin zai wuce ƙofarta sai ya danna sau biyu, gajeru, ko suna shiri ko suna gaba. Ya tsani mai kwanciya a kan hon, yana cewa aikin marasa tarbiyya ne.

"Kuma ki ja layin a miƙe. Ba na son a wuce a ce gonar Bauman ce aka yi wa tafiyar maye."

"In ka iya zo ka ja."

"Na kira Daryl, af," ya ce, yana gyara tiyon hancinsa. "Na ce ya zo ya ga gadonsa."

Idanunsa sun faɗa can ciki, amma ƙyalli suke kamar na yaron da ya ɓoye kwaɗo a aljihu. Verna ta ja masa bargon zuwa haɓa, ta hau tarakta.

Da garma ta nutse, sai taraktar ta yi gurnani ta turje. Saiwar ciyawar ta yi shekaru tana saƙa kanta a ƙasa, ba ta zo da niyyar saki ba. Verna ta ƙara wuta. Ƙarar da ta biyo baya, duk da rurin inji ta ji ta, kamar ana yaga sabon yadi. Ƙasa ta kife baƙa ƙirin, wadda da can fara ce fat. Wata kazar daji ta tashi fur daga gaban taya, ta bar ƙwayayenta a sheƙa, ba kuma hanyar kaucewa in ana son layi ya miƙe. Verna ta zagi Daryl, ta zagi ubansa da ke kabari, ta goge ido da bayan safar hannu ta wuce.

A ƙarshen layi ta juyo ta dubi akori-kurar. Hannun Orlin yana waje ta taga, yana juya yatsa a iska: ci gaba. Ta ci gaba. Fararen tsuntsayen tafki suka fara sauka bayanta suna tsintar tsutsa. Juyowa ta gaba, yatsan yana nan yana juyawa. Ta wuce ta gefen tarin duwatsun da Irma ke zama tana cin burodinta in sun gaji da shuka, ta ƙi kallon wurin. A wata juyowar ba ta ga hannun ba, sai hularsa ta cikin gilashi. Ta ce a ranta ya gaji ne. Ta kasa kunne, babu hon.

Ƙura ta tashi a titi. Jar motar ta shigo gonar da gudu ta yi burki, Daryl ya diro ko ƙofa bai rufe ba. Ya bi taraktar yana tuntuɓe a kan hoge, takalmansa masu tsada suna nutsewa.

"Inna Verna! Inna Verna, tsaya! Kin haukace ne?"

Ta rage wuta, amma ba ta tsaya ba. Ta buɗe ƙaramar tagar gefe.

"Kin san abin da kike yi kuwa? Duka za su ce in mayar, har da tara! Na jinginar da kuɗin shekarun gaba a banki!"

"Sai ka ara daga gadonka."

"Don Allah, Inna! Motar za su ɗauka, su bi ta gidana. Ina da yara!"

Yaran ne suka soke ta. Ta san su, ita ke ba ƙaramar alewa a coci. Ƙafarta ta tashi za ta taka burki, sai ta tuna idon saniyar nan ta tsakanin ƙarafa.

"Ni 'yar aiki ce, Daryl. Mai gona yana can. Je ka roƙe shi, in ya danna hon na tsaya."

Ya juya da gudu. Ta madubi ta ga ya isa motar, ya riƙe bakin tagar da hannu biyu, yana magana yana sunkuyawa, abin da ya kamata ya yi tun a kicin. A ranta ta ce, danna mana, tsohon banza, ai ya durƙusa, ka ci nasara. Ta ga Daryl ya leƙa fuskarsa. Ta ga ya buɗe ƙofar.

Sai hon ya tashi. Dogo ne, ɗaya tilo, an kwanta a kansa ba sassauci, har tsuntsayen suka watse sama. Wannan ba dannawar Orlin ba ce, ta Daryl ce.

Verna ta riƙe sitiyari da kyau. Ba ta sake duban madubi ba, don ta riga ta san abin da ke ciki. Tana tsakiyar layi, saura rabi, ga shingen ƙarshe can gaba. Ta zaɓi turke ɗaya a jikin shingen ta kafa masa ido, kamar yadda Walt ya koya mata, ta bi shi sannu a hankali, hon yana ta kururuwa a bayanta. Hawaye suna zuba har cikin kwalar rigarta, amma hannunta bai karkace ba. Sai da ta kai turken ta ɗaga garma ta kashe inji.

Da ƙafa ta dawo, ta cikin kwarin layin. Daryl yana zaune a ƙasa ya jingina da tayar akori-kurar, waya a kunne, yana kwatanta wa motar asibiti hanya da muryar da ba ta fita sosai. Bai ɗago ba, ta wuce shi zuwa ƙofar motar.

Orlin ya jingina kai da kujera, fuskarsa tana kallon tudu, idanu a buɗe. Hannunsa na dama yana kan sitiyari, yatsu biyu a miƙe a gefen hon. Ko zai danna ne, ko hutawa kawai suka yi a wurin, ba mai gaya mata yanzu. Ta shafa masa ido ta rufe, ta gyara hular.

Tukunyar iskar tana ta tsiyaya cikin tiyo, sii, ba mai shaƙa. Verna ta miƙa hannu ta murɗa kanta ta rufe. Sai a lokacin ta ji iskar waje tana bi ta cikin ciyawar da ta rage a saman tudu. Tsuntsayen suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka sauka farare a kan layin ƙarshe.