Amfa Shida na Sabuwar Na'ura

Ran sha bakwai ga azumi aka aiko kiran Alkasum mai gyaran wuta zuwa buro, wato ofishin ƙungiyar manoma da ke Illela. An kawo musu babbar kwamfuta daga Tawa, wadda za ta riƙe takardun sauran na'urorin duka, amma Mushe Lurwanu, shugaban buron, ya hana a jona ta.

"Ka faɗa mini abin da take ci tukuna, Malam Alkasum," in ji shi. "Mitarmu wutar amfa goma kawai take iya ɗauka. In wuta ta yanke tana cikin aiki, an ce komi na iya gogewa."

Alkasum ya durƙusa bayan na'urar, gwiwoyinsa na ƙara. A jikin ƙarfen an rubuta lamba biyu: amfa shida a ƙasashen da wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba, uku a nan. Kayan buron duka suna cin biyar. Takwas ke nan, akwai wuri.

Amma shi bai taɓa yarda da lissafi shi kaɗai ba. Ba shi da abin awo, sai agogon hannunsa da faifan da ke juyawa cikin mita. Ya sa aka kashe komi, ya fita rana ya tsaya gaban mitar. Faifan bai tsaya ba.

Ya bi bango a hankali, leɓɓansa sun bushe, har ya ga siririyar waya ta ratsa katanga ta shiga ɗakin Mumuni maigadi. Ciki wani tsohon firigo ne ke gurnani, cike da ƙullin ƙanƙara. Asabe, matar Mumuni, ta ja mayafinta ta koma gefe.

"Kai tsoho, mi ke nan?" Alkasum ya tambayi Mumuni.

Mumuni ya sunkuyar da kai. "Na buɗa-baki ne, Alkasum. Gida tara ke aiko kwano. Kai ma jiya da mi ka sha ruwa?"

Alkasum ya tuna ƙanƙarar da matarsa ta sa masa a moɗa, bai ko tambayi inda ta fito ba.

"In Mushe ya ji, kora ta zai yi," in ji Mumuni. "Shekara goma sha ɗaya ina ƙofar nan."

Alkasum ya koma gaban mita ya ƙirga juyin faifan da agogo. Firigon na cin kusan uku. Da na'urar da kayan buro, sha ɗaya, ya wuce ƙarfin mitar. Ya jima tsaye, ya gaji har tunani ma nauyi yake masa. Sannan ya shiga buro ya rubuta a takarda: na'ura, amfa shida. Uku nata, uku na firigon.

Mushe Lurwanu ya sa tabarau, ya duƙa ya duba bayan na'urar da kansa. "Lalle ga shida nan. Ashe akwai ta da ci!" Ya share gumin wuyansa. "To, sai mu roƙi babbar mita. Kafin ta zo, duk sa'ad da aka kunna wannan abu, a kashe fankoki."

Ma'aikatan suka dubi Alkasum kamar shi ya kawo zafin. Shi kuwa ya naɗe takardarsa. A bakin ƙofa Mumuni ya taso zai yi godiya.

"Zamna, tsoho," Alkasum ya ce. "Bayan salla ni da kaina zan zo in yanke wayar nan."