Hanyar da Lai'atu Ta Zaɓa

Lai'atu ta ɗora ƙafar dama a kan falalen dutsen, ta danna, ta ji ta zame, ta janye. Gansakuka ta rufe wajen, ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashinta. A bayanta akwai ƙunshin acca mudu takwas da ta goya da zane, don ta ƙiyasta nauyin yaro ɗan shekara biyu ke nan. Ta juya ta fuskanci dutsen, ta sauka da baya, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan saiwar itace. Da ta kai ƙasa sai ta ɗaga kai ta dubi inda ta fito.

"A'a," ta ce, ko da yake ba mai ji.

Kwana uku ke nan tana wannan aiki. Tun ranar Lahadi da mai bishara ya karanta mata wasiƙar ɗanta Martins bayan sujada, ba ta zauna ba. Wasiƙar ta ce zai zo ranar Asabar daga Kaduna, shi da matarsa da yara biyu, su hau Dutsen Kagoro su ga gida, kafin babbar ta shiga makaranta, tun da bana gwamnati ta ce karatun firamare kyauta ne. Babbar, Irene, sau ɗaya Lai'atu ta taɓa ganinta, tana jaririya. Ƙaramin, Kumai, sunansa kawai ta sani.

Hanya uku ce ke kaiwa ƙauyensu a kan dutse. Wannan da ta sauko ta cikinta ita ake kira Tsani, gajeriya ce, matashi yakan haye ta cikin awa ɗaya. Ta biyu ta bi cikin kurmi, akwai inuwa, amma ciyawar damina ta fi tsawon yaro, kuma zuma ta yi gida a bakin wani kogo dab da hanya. Ta uku ita ce hanyar rafi. Tana zagaye dutsen a hankali, awa uku, ba hawa mai wuya, sai dai rafi ɗaya da ake tsallakewa can kusa da sama. Jiya ta bi ta da goyon accarta, ruwan bai wuce idon sawu ba.

Da can gida arba'in ne a saman. Mutane suka riƙa saukowa, wasu don makaranta, wasu don asibiti, wasu don aikin reluwe a Kafanchan. Yanzu saura gida biyu: nata, da na tsoho Kambai da matarsa a can ɗaya gefen, su kuma kunnensu ya yi nauyi, hira da su sai da ihu. Mijinta Yakubu shekara shida ke nan yana kwance a kabarinsa a bayan rumbu.

Ta ajiye accar a gidan mai bishara, tsarabar da za su tafi da ita. Ta zauna a gindin mangwaro a bakin titi. Mota ta farko daga Kafanchan ta sauke mata 'yan kasuwa. Ta biyu ba ta ma tsaya ba. Ta uku ce ta sauke su.

"Mama!" in ji Martins. Ya yi ƙiba, ya bar gashin baki irin na ubansa. Ya rungume ta, ta ji ƙamshin sabulun da ba ta sani ba.

Matarsa Scholastica, malamar makaranta 'yar Samaru Kataf, ta durƙusa har ƙasa. "Mama, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Maman Irene. Tashi, tashi."

Lai'atu ta sunkuya ta yi wa yaran magana da yarensu, ta kira su da sunayen da kaka ke kiran jikoki. Irene ta dubi uwarta. Kumai ya ɓoye fuska a cikin zanen uwarsa.

"Ba su ji, Mama," in ji Martins, yana sosa ƙeya. "Yarena daban, nata daban. Hausa muke yi a gida."

"To," in ji Lai'atu. Ta sake gaishe su da Hausa. Kalmomin suka fito mata kamar tana gaida baƙi a kasuwa.

Da suka kai inda hanya ta rabu, Martins ya nufi dama bai ko tambaya ba.

"Ba nan ba," ta ce.

"Haba Mama, Tsani fa. Da gudu nake hawansa ina yaro, da allo a hannu."

"Kai kaɗai kake hawa, ba ka ɗauke da kowa. Na bi shi yau da safe. Santsi."

"Hanyar rafi awa uku ce. In mun je, yaushe za mu dawo? Dole mu kwana Kafanchan, jirgin ƙasa na safe za mu bi."

Scholastica ta cire takalminta mai tsini ta sa a jaka, ta fito da na roba, ta goya Kumai, ta bi bayan surukarta. Martins ya tsaya kaɗan, sa'an nan ya biyo su.

Lai'atu ce a gaba. Ta sa Irene a gefen dutse, ita kuma a gefen gangare. Duk inda ta san akwai inuwa sai ta tsayar da su, ko ba su gaji ba, ta ba yaran ruwa daga gora. Jiya ta sare ƙayar da ta shigo hanya, ta kawar da duwatsun da ke motsi. Ba ta faɗa musu ba. A hawa na biyu ne ta ji ɗan hannu ya kama yatsunta biyu. Ba ta duba ba, don kada yarinyar ta saki.

"Kaka, akwai kura a nan?"

"Da akwai. Sun tafi."

"Ina suka tafi?"

"Sun sauka gari neman aiki."

Irene ta yi dariya har ta yi tuntuɓe, Lai'atu ta riƙe ta. Daga nan yarinyar ba ta rufe baki ba. Ta ba ta labarin jirgi, da mai sayar da ƙwai a tasha, da kayan makarantar da aka ɗinka mata. Lai'atu ba ta gane rabin abin da take faɗa ba saboda sauri, amma tana amsawa. Ta tuna da tukunyar da ta bari a kan murhu, da tabarma sabuwa da ta shimfiɗa, da ɗan gadon kara da ta haɗa wa Kumai ko zai yi barcin rana.

Tun kafin su sha kwana ta ji ƙarar ruwan. Ta san ta. Ta rage tafiya.

Rafin da ya tsaya mata a idon sawu jiya, yau ya cika bakinsa, ja wur da ƙasa. An yi ruwa da sassafe a can bayan dutse inda ba ta gani. Duwatsun da ake takawa duk sun nutse. Ƙasa kaɗan da mashigin, ruwan yana faɗawa cikin wani rami tsakanin manyan duwatsu biyu, yana kumfa.

Martins ya naɗe ƙafar wando. "Ba zai wuce cinyata ba. In ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a wuya."

Lai'atu ta dubi ƙetare. Daga nan zuwa ƙofar gidanta bai kai tafiyar minti goma sha biyar ba. Ta ɗauki busasshen reshe ta jefa a tsakiya. Kafin ta sauke hannu, ruwan ya kai shi ramin. Ta tsaya tana jira ya fito ta ƙasa. Bai fito ba.

Hannun Irene yana cikin nata har yanzu, da ɗumi.

"Ba za su tsallaka ba," ta ce.

"Mama, tun daga Kaduna fa muka taso. Ko kabarin Baba ban gani ba."

"Kabari ba ya tafiya ko'ina. Ba za su tsallaka ba."

"To mu jira ya janye."

"Dubi sama."

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Martins ya duba, ya buga hannu a cinya, ya juya baya. Scholastica ta kwance Kumai ta zaunar da shi a kan cinyarta, nesa da bakin ruwa, ta dubi Lai'atu ta gyaɗa kai sau ɗaya.

"Yara sun ji yunwa," in ji Lai'atu. Ta sa hannun Irene a cikin na ubanta, ta ɗaure zane a sama da gwiwa, kafin Martins ya gane abin da take nufi ta shiga ruwan. Ya yi ihu. Ta amsa masa da yarensu, da muryar da take tsawata masa yana ƙarami: ya tsaya wurin 'ya'yansa, bai san inda duwatsun suke yanzu ba. Ta laluba da sanda, taku ɗaya, taku ɗaya, har ta haye.

A gida ta tarar da komai yadda ta bar shi. Ba ta dubi tabarmar ba. Ta jera tuwon acca da ta naɗe a ganye cikin babban kwano, ta ɗora tukunyar miyar karkashi da kazar da ta yanka jiya, ta ɗaure duka da tsumma, ta ɗora a kai.

A dawowa, tana tsakiyar rafin, dutsen da ta taka ya juya. Ruwa ya buge ta har ƙugu. Ta saki sandar ta dafe kwanon da hannu biyu, ta kafe ƙafar hagu, ta tsaya a haka tana jin ruwan yana janta kamar mutum. Sandar ta wuce. Sai ta ji hannun Martins ya cafke damtsenta, ya jawo ta har gaɓa.

"Mama! Don tuwo?"

"Sandar ce ta tsufa," ta ce, ta yi dariya. "Kawo ruwa su wanke hannu."

Suka ci a kan wani faffaɗan dutse. Scholastica ta yi addu'a. Kumai ya ƙi karɓa daga hannun kakarsa sau biyu, a na uku ya buɗe baki. Ta ba shi hanta. Ita kanta ba ta ci ba, ta ce ta ƙoshi.

"Kaka, ina gidanki?" in ji Irene.

Lai'atu ta nuna da baki. Martins ya ɗaga yarinyar sama.

"Na ga hayaƙi! Wa ke ciki?"

"Ba kowa. Wutar da na bari ce."

"To wa zai ce miki sannu da zuwa?"

"Awaki," in ji Lai'atu.

Martins ya sauke yarinyar. Ya je ya saro reshe mai kauri, ya feƙe shi da wuƙa, ya miƙa mata bai dube ta ba. "Mu sauka tare, Mama. Ki kwana gidan mai bishara. Ko ki bi mu Kaduna, akwai ɗaki."

"In tafi wa zai ba dabbobi abinci? Ruwan nan na san shi. Kafin la'asar ya janye, kullum haka yake yi."

"To bari in ga kin haye."

"Sai na huta tukuna. Ku kama hanya kafin hadarin nan ya sauko. Irene a gefen dutse, ka ji? Inda kuka ga na sare ƙaya, ku bi ta hagu. Kada ka ɗauki yaron a wuya a gangare, ta goya shi."

Scholastica ta sake durƙusawa. "Da rani za mu dawo, Mama, da yardar Ubangiji."

"Allah ya kai mu."

Ta tsaya tana ɗaga musu hannu har suka sha kwana. Muryar Irene ta ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, tana tambayar wani abu, sa'an nan ƙarar ruwa ta shanye ta.

Sai a lokacin Lai'atu ta zauna. Gwiwarta ta hagu ta kumbura. Ta gwada sabuwar sandar a ƙasa, ɗanya ce, tana lanƙwasa. Ta karyi tsinke ta kafa a daidai bakin ruwan, ta koma ta zauna kusa da kwanon, tana kallon tsinken. A ƙetare awakinta sun fara kuka.

Da ta sake dubawa, ruwan ya rufe tsinken. Ta matsa baya taku ɗaya, ta karyi wani, ta kafa.